Kada ka ara wa kowa sunanka a wurin karɓar kuɗi

Aikina biya da karɓar kuɗi ne a ɗaya daga cikin ofisoshin aika kuɗi na garin Gaya, kuma da wuya rana ta faɗi ba a yi mini fushi kan katin shaida ba. "Yaro, yau kuma ni ne ba ka sani ba?" Na san ka, Baba, na san gidanka. Amma kwamfutar da ke gabana suna da lambar kati da lambar waya take ajiyewa, kuma ranar da masu bincike suka zo, su za su bi.

Wannan tambayar kati daga nesa ta taso. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, shugaban Amurka George Bush ya dogara da wata dokar 1977 da ta ba shi iko na musamman a lokacin ta-ɓaci, ya sa hannu kan umarni mai lamba 13224, wanda ya ƙulle dukiyar ƙungiyoyin ta'adda da ta duk mai taimaka musu. A wannan wata na Satumba kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1373, ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin toshe musu hanyar kuɗi. Sannu a hankali abin ya iso ƙofarmu: Boko Haram ta shiga jerin 'yan ta'adda na Majalisar a 2014, JNIM a 2018, reshen Da'esh na Sahel a 2020. A Janairun 2025 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana Lakurawa, masu yawo a dazukan Sakkwato da Kebbi, a matsayin ƙungiyar ta'adda.

Nan gida Nijar, ranar 27 ga Agusta 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta kafa kundin sunayen mutane da ƙungiyoyin da ake zargi da hannu a ta'addanci ko cutar da muhimman muradun ƙasa. Wanda sunansa ya shiga ana iya ƙulle dukiyarsa, a hana shi tafiya, har a janye masa shaidar zama ɗan ƙasa na wucin gadi, kuma ba sai kotu ta yanke hukunci ba, buɗe bincike kaɗai na iya isa. Mu ma'aikata doka ta wajabta mana kai rahoton duk hada-hadar da ta ba mu shakka, ofishinmu ya miƙa wa hukumar CENTIF a Yamai, kuma an hana mu sanar da mai kuɗin cewa an kai.

To, ga abin da ke hana ni barci. Mutumin daji ba ya zuwa gabana da katinsa. Yana buƙatar mai, da babur, da magani, da hatsi, yana buƙatar a mayar masa da shanun sata kuɗi, kuma duk wannan sai da hannun ɗan gari. Sai a samu ɗan kabu-kabu, ko mai kwale-kwale, ko wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai, a ce: "Katina ya ɓace, taimaka ka karɓo mini, ga jika ɗaya ka sha ruwa." A farfasa kuɗin ƙanana ƙanana, a raba wa mutane da yawa, don kada adadin ya ja hankali. Na taɓa zaunar da wani matashi da ke yawan karɓar saƙo daga garuruwa daban-daban, na tambaye shi na wane ne. Ya ce na wani Alhaji ne da suke haɗuwa a tasha. Bai san gidansa ba, bai san sana'arsa ba. Mai yiwuwa kuɗin fatauci ne na halal, domin fatake da yawa haka suke yi don gudun layi. Amma in ba na halal ba ne, Alhajin ba ya cikin kwamfuta ko sau ɗaya, sunan yaron nan ne daga sama har ƙasa.

Gaya ta fi sauran garuruwa shiga wannan haɗari saboda inda Allah ya ajiye ta: Malanbil a ƙetaren kogi, Kamba a gabas, dajin W a yamma. Da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga Yuli 2023 aka rufe kadarkon da ke tsakaninmu da Malanbil, manyan motoci suka yi jerin gwano, shinkafa da magani suka yi tsada, Najeriya ta yanke wuta. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma Nijar ta bar kadarkon a rufe bisa dalilin tsaro. Mutane da kaya suka koma kwale-kwale, 'yan tsakani suka yawaita, saƙon "karɓo mini" ya zama ruwan dare.

Wancan takunkumi ba don 'yan ta'adda aka yi shi ba, amma ya nuna mana wanda ke shan wuya idan aka rufe wa kowa ƙofa. Mutanen Difa sun riga mu gani. Da aka kafa dokar ta-ɓaci can a Fabrairun 2015, an hana hawa babur, an hana cinikin kifi da tattasai don Boko Haram na karɓar haraji a kansu. Dalilin gaskiya ne, amma masunta da manoman bakin Komadugu ne suka rasa abinci, daga baya dole aka sassauta. Shi ya sa nake goyon bayan matakin da ke bin mutum da sunansa, ko da yana jawo mini zagi a bakin aiki. Sai dai ina roƙon hukuma ta tuna sunayenmu iri ɗaya ne, kuma dattawa da yawa katinsu ba ya ɗauke da ainihin ranar haihuwa. Mai suna irin na wani da ke cikin kundin ya kamata ya san ofishin da zai je ya wanke kansa cikin kwanaki, kafin jarinsa ya mutu.

'Yan'uwa, in katinka ya ɓace, je wurin 'yan sanda ka karɓi takardar shaidar ɓata a ranar. Kada ka sayi layin waya da sunanka ka ba wani. Wanda ba ka san gidansa da sana'arsa ba, kada ka karɓar masa kuɗi ko ka aika masa, komai rantsuwar da ya yi. Iyaye, ku tambayi yaranku masu babur da masu jirgi saƙon wa suke ɗauka. Limamanmu kuma, don Allah ku faɗi wannan a huɗubar Juma'a, da Hausa da Dendanci da Fulatanci, domin yawancin waɗanda abin zai faɗa wa ba za su karanta wannan rubutu ba.