Ciwon Marar 'Yata: Wai Sai Aure Ne Maganinsa?

Tambaya: Ina da 'ya mai shekara 15. Duk wata idan al'adarta ta zo sai ta kwana biyu tana murƙususu, har da amai, ko lakwal ba ta iya zuwa. Kakarta ta ce a ƙyale ta, aure ne maganinsa, kuma ta hana a ba ta ƙwaya, wai tana kashe mahaifa. Mun gwada jiƙon kanwa, babu sauƙi. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Korgom, jihar Maraɗi.

Amsa: Allah Ya ba ta lafiya. Yarinyar nan ba raki take yi ba. Idan lokacin al'ada ya yi, mahaifa tana fitar da wani sinadari da likitoci ke kira furostagilandin, shi ne ke sa ta matsewa don ta zubar da jini. Wadda jikinta ke fitar da shi da yawa, mahaifarta kan murɗe da ƙarfi, kamar ana matse wanki, har jinin da ke ciyar da naman mahaifar ya ragu na ɗan lokaci. Nan ciwon yake. Sinadarin ne kuma ke kawo amai da zawo da ciwon kai. Yana yin yawa a ranar farko da ta biyu, daga nan ya ja baya.

Ƙwayar ibufurofen tana hana jiki ƙera wannan sinadari, saboda haka lokacin sha ya fi komai muhimmanci. Mata da yawa sai sun daure, ciwo ya ci ƙarfinsu, sannan su nemi magani, su ce bai yi aiki ba, alhali sinadarin ya riga ya cika mahaifa. Da 'yarki ta ji mararta ta fara nauyi, ko ta ga ɗigon farko, ta ci abinci, ko da fura ce, ta sha miligiram 400. Ta maimaita bayan awa 8, kada ta wuce sau 3 a yini, na kwana 2 zuwa 3. Mai gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko asma da irin wannan magani ke tayarwa, kada ta taɓa shi. Ta tsaya ga farasitamol, duk da bai kai shi ƙarfi a wannan ciwo ba. Kada kuma a haɗa ibufurofen da dikulofenak, danginsu ɗaya, kuma tare suna cin ciki.

A sayo maganin a farmasi ko a cibiyar lafiya ta CSI. Na kan tiren 'yan talla a kasuwa ya sha rana, ba a san asalinsa ba, kuma a nan ne ake miƙa wa yara Tramol da sunan maganin mara. Wannan kam ko kyauta ne kada ki karɓa.

Ɗumi yana aiki ƙwarai, kuma bai cin ko dala. Ki zuba ruwan zafi a kwalba, ki toshe bakin da kyau, ki naɗe ta da tsohon zane, ta ɗora a mara ta kwanta a gefe, gwiwoyi a lanƙwashe. Idan ya huce a sake. Shayin citta na taimaka wa wasu. Tafiya a hankali cikin gida ta fi kwanciya yini guda, amma daka da jan guga a ɗauke mata su a kwanakin nan. Kanwa kuwa a bar ta a miyar kuka. Ba ta taɓa sinadarin, yawanta kuma na wahalar da ciki.

Sai maganar Kaka, wadda za ki kai mata cikin ladabi. Abin da ta lura da shi yana da tushe: ciwon kan ragu yayin da mace ke ƙara shekaru, wasu kuma bayan haihuwar fari. To amma shekaru ne da haihuwa, ɗaurin aure ba ya canza komai a mahaifa, ga matan aure nan birjik suna fama da shi. A yi wa yarinya 'yar 15 aure don ciwon kwana biyu, a jefa ta cikin haɗarin naƙuda da ƙugun da bai gama girma ba, wannan ciniki ne na asara. Kuma ibufurofen na kwana uku a wata ba ya hana haihuwa.

Idan an bi wannan tsari wata uku babu canji, ki kai ta wajen ungozoma a CSI. Haka nan idan ciwon na farawa tun kwanaki kafin jini ya kuma zarce bayansa, ko jinin na jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari. Akwai cutar da ake kira endometiriyosis, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa, da yawa kuma tun suna 'yan mata take fara musu. Idan tana wanki ko wanka a tafki, ki faɗa, domin tsargiya ma tana kama mara. Abin da ya fi ƙarfin CSI za su tura ku asibitin Tasawa, ko Maraɗi don hoton ciki. Kafin ku je, ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo da kwanakin ciwon a bayan littafinta na lakwal, domin abin da ungozoma za ta fara tambaya ke nan.