Ƙudan Soja: Wa Ya Raɗa Masa Suna, Me Kuma Zai Tsinana wa Mai Kiwo?

TAMBAYA

Ina kiwon tarwaɗa da 'yan kaji a bayan gidana a nan Nguru. A daminar bana na tara dusar shinkafa da ruɓaɓɓen kayan gwari a wani lungu don in yi taki, sai na tarar da wasu tsutsotsi manya masu kauri sun cika wurin, ga kuma wani baƙin ƙwaro mai kama da zanzaro yana shawagi a kai. Ɗan ƙanena da ke karatu a jami'a a Gashua ya ce ƙudan soja ne, ya rubuta mini sunansa a takarda kamar haka: Hermetia illucens (Linnaeus, 1758). Malam, yaya aka yi mutumin da ya rayu a 1758 ya san ƙwaron bayan gidana? Su wane ne ke raɗa waɗannan sunaye, kuma wa ya ba su iko? Sannan ko zan iya bai wa kifi da kaji tsutsar ba tare da na cuce su ba?

Daga wani mai kiwo, Nguru, Jihar Yobe.

AMSA

Ka adana takardar nan da ɗanka ya ba ka, domin duk amsar tambayoyinka uku a jikinta take rataye.

Kafin komai, mu tabbatar cewa ƙwaron da ka gani shi ne wanda aka rubuta. Ka kama guda a cikin kwalba ka duba. Tsawonsa bai wuce santimita biyu ba, baƙi ne, ƙahonninsa dogaye, ƙarshen ƙafafunsa fari-fari. Fukafukansa biyu ne kacal, alhali zanzaro da rina da ƙudan zuma huɗu gare su. Babbar alamar tana gindin cikinsa, daidai inda ciki ya haɗu da ƙirji: akwai tabo biyu garai-garai da haske ke ratsawa, su ne ke sa a ga kamar yana da siririn ƙugu irin na zanzaro. Wannan kamar ce garkuwarsa, tsuntsu ya gan shi ya yi zaton mai harbi ne. Ba shi da ƙari, ba ya cizo, ba ya damuwa da tuwon gidanka. Kwanakinsa na ƙuda kaɗan ne, mako guda zuwa biyu, kuma mafi yawan abin da yake rayuwa a kai kitsen da ya tara ne tun yana tsutsa, sai ɗan ruwa ko zaƙin fure da yakan lasa.

To, sai sunan. Carl Linnaeus mutumin Suwidin ne, malami a jami'ar Uppsala, an haife shi a 1707 ya rasu a 1778. Bai taɓa taka Afirka ba, bai kuma je nahiyar Amurka ba, inda can ne asalin wannan ƙuda. Zamaninsa zamanin jiragen ruwan fatauci ne, ɗalibansa da matafiya suna aiko masa da busassun tsirrai da ƙwari daga ko'ina, shi kuma yana zaune yana jera su dangi-dangi. A bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, wanda ya fito a 1758, ya bai wa kowace dabba suna mai kalma biyu, ta farko ta zuriya, ta biyu ta ita kanta. Masana dabbobi sun yi ittifaƙi daga baya cewa daga ranar 1 ga Janairun 1758 ake fara lissafin sunaye, duk sunan da ya gabaci wannan rana ba a ƙirga shi. Ƙudan bayan gidanka yana cikin sahun farko da suka shiga wannan rijista.

Sai dai Linnaeus bai kira shi Hermetia ba. Ya zuba shi a zuriya ɗaya da ƙudan gida, ya kira shi Musca illucens, domin a wurinsa ƙudaje iri-iri masu yawa duk Musca ne. Wanda ya raba wannan taron shi ne Pierre André Latreille, Bafaranshe, limamin coci da ya fi son ƙwari a kan komai. Lokacin juyin juya halin Faransa an tsare shi a kurkuku a Bordeaux ana shirin korarsa daga ƙasar. Likitan da ke duba fursunoni ya same shi yana nazarin wani ɗan buzuzu da ya tsinta a ɗakin, labari ya kai ga wani matashin masani, Bory de Saint-Vincent, wanda ya yi ta kai-komo har aka sake shi. Latreille ɗin nan ne ya ware dangin ƙudajen soja, Stratiomyidae, a 1802, sannan a 1804 ya kafa zuriyar Hermetia ya mayar da ƙudan Linnaeus cikinta. Ka ga baka biyun da suka kewaye sunan Linnaeus a takardarka? Ba ado ba ne. Ƙa'ida ce mai nuna cewa shi ya fara bayyana ƙwaron, amma an ɗauke shi daga zuriyar da ya fara ajiye shi.

Bayan su aka yi ta samun masu ƙara wa zuriyar 'ya'ya. Johan Christian Fabricius na Denmak, ɗalibin Linnaeus, ya bayyana Hermetia albitarsis a 1805. Christian Wiedemann, likita a Kiel ta Jamus, ya fitar da babban aikinsa kan ƙudajen ƙasashen wajen Turai tsakanin 1828 da 1830. Justin Macquart ya yi nasa a Faransa, Francis Walker a gidan tarihi na Landan, Samuel Williston a Amurka, wanda ya raɗa wa Hermetia comstocki suna a 1885. A ƙarni na 20 Erwin Lindner na Stuttgart, wanda ya rayu shekara ɗari daga 1888 zuwa 1988, ya yi rubuce-rubuce da yawa kan ƙudajen soja, har da na Afirka. Yau zuriyar Hermetia tana da nau'i fiye da 70, mafi yawansu a yankunan zafi na nahiyar Amurka, dangin kuma gaba ɗaya sun haura nau'i 2,600. Norman Woodley ya tattara su a kundi guda a 2001.

Ka tambayi wa ya ba su iko. Babu sarki ko gwamnatin da ta naɗa su. Ikon yana cikin ƙa'idar da masana suka yarda da ita: ka bayyana siffar ƙwaron a rubuce, ka wallafa, ka ajiye samfurin da ka dogara da shi inda wani zai iya zuwa ya duba, kuma wanda ya riga shi ke da suna. Ƙa'idar ta zama dole ne saboda rikicin da aka yi ta yi. Mutum yana Paris, wani yana Landan, kowa ya sami ƙwaro ɗaya daga jirgi daban, kowa ya ɗauka sabo ne ya raɗa masa suna. Shi kansa wannan ƙuda naka an sake raɗa masa wasu sunaye a ƙarni na 19, aka dawo aka gane abu ɗaya ne, aka soke su, na 1758 ya tsaya. Walker ya yi ƙaurin suna wajen gaggawar raɗa suna, har waɗanda suka biyo bayansa suka daɗe suna warware abin da ya ɗaura. Ban ga laifin a faɗi wannan ba, domin yana nuna cewa aikin na 'yan Adam ne, kuma abin da ya tsare shi daga rushewa shi ne samfurin da aka ajiye. Tarin Linnaeus yana nan a Landan har gobe, tun da James Edward Smith ya saye shi a 1784.

Yadda ya iso gare mu kuwa, kaya ne suka kawo shi. Cikin ƙarni na 20 ya bazu a ƙasashen zafi na duniya ta hanyar jiragen ruwa da fataucin kayan abinci. Nguru, garin da layin dogo ya isa tun 1930, ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi, ba ya bukatar dogon bayani kan yadda buhu ke tafiya da baƙon da ba a gayyata ba.

Ga dalilin da ya sa na ce ka adana takardar. Duk binciken da aka yi kan ciyar da dabbobi da wannan tsutsa, a kan Hermetia illucens aka yi shi, ita kaɗai. Craig Sheppard na jami'ar Georgia a Amurka ya nuna yadda take rage tarin kashin kaji, tana kuma hana ƙudan gida hayayyafa a wurin. Cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi, wadda Thomas Odhiambo ya kafa a 1970, ta yi aiki mai yawa da manoman Kenya a kanta. Tarayyar Turai ta amince a sa ta cikin abincin kifi a 2017, sannan cikin na kaji a 2021. In tsutsar da ke jujinka ta koren ƙudan nan ne mai bin mushe da ɗanyen kifi, babu ɗaya daga cikin wannan binciken da ya shafe ta, kuma kiwonta tara wa unguwa cuta ne. Bambanta su ba wuya. Tsutsar ƙudan gida da ta koren ƙuda farare ne sul, masu santsi, masu tsinin kai. Ta ƙudan soja ta fi girma, takan kai santimita biyu da rabi, jikinta a ɗan baje, fatarta da tauri da gaɓa-gaɓa da 'yan gasu, launinta kamar ƙasa-ƙasa, in ta kusa rikiɗa ta koma baƙa.

Amsar tambayarka ta uku ita ce e, za ka iya, tarwaɗa da kaji da zabi duk suna cin ta da marmari. Iyayenmu da ke haƙo gara su zuba wa 'yan tsaki sun riga mu sanin amfanin ƙwaro ga kaji. In an busar da tsutsar, kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinta sinadarin gina jiki ne, kitse kuma yakan kai kashi 30, gwargwadon abin da ta ci. Wannan kitsen ne ya sa ba na ba ka shawarar ka yar da abincin da ka saba ka koma kanta ɗungurungum. Ka maye wani ɓangare na garin kifi ko waken suya da ita, ka fara da kaɗan, ka ware rami ɗaya ko keji ɗaya ka gwada, ka riƙa auna nauyi kana rubutawa.

Kiwon nata yana bin rayuwarta ne. Macen takan saka ƙwai wajen 500 a tsaga busasshiya kusa da abin da ke ruɓewa, ba a cikinsa ba. Don haka ka yanka kwali mai ramuka-ramuka a gefe, ka ɗaure 'yan guntaye, ka rataye su dab da saman daron da ka zuba jiƙaƙƙiyar dusa da ɓawon kankana ko mangwaro. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana huɗu. Tsutsar ta ci abinci mako biyu zuwa uku in yanayi ya yi mata daɗi. Ka tace da rariya kafin su yi baƙi, ka zuba su a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci, ka shanya. Ka bar wasu su yi baƙi, za su fito da kansu suna neman wuri busasshe, ka tara su cikin gidan sauro da ka kafa inda hantsi ke samu, domin sai da hasken rana suke barbara. Ka ajiye musu jiƙaƙƙen tsumma su sha. Abin da ya rage a daron taki ne mai kyau ga albasa da barkono.

Wahalar tana wajen yanayinmu, kuma a nan ne nake so mutanen Nguru da Gashua su yi hattara da masu koyarwa a intanet daga ƙasashe masu laima. Wannan ƙwaro ya fi son zafi tsakanin digiri 27 zuwa 30, da abinci mai damshi wanda in ka matse a hannu zai dunƙule ba tare da ya tsiyaye ba. A watan Afrilu da Mayu zafinmu yakan haura 40, ga tarin tsutsar shi ma yana haifar da nasa zafin, sai ka ga suna gudu daga daro ko su mutu. A lokacin ka sa su a inuwa mai iska, ƙarƙashin rumfar zana maimakon kwano, ka rage kaurin abincin, ka yayyafa ruwa safe da yamma. Da hunturu kuma sanyin dare da busasshiyar iska kan sa girma ya ja baya, ƙwai ya bushe, sai ka shigar da su ɗaki ka rufe da buhu. Damina ce lokacin farawa, kamar yadda ka gani da idonka. Tururuwa da ɓera da ƙadangare duk abokan gaba ne, ka ɗora daron a kan benci ka sa ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa.

Abin da ka ba ta shi za ta miƙa wa kifinka. Kada ka zuba mata ragowar hatsi ko wake ko busasshen kifin da aka sa wa maganin ƙwari, domin ko dai ya kashe ta ko ya bi ta. Ka nisanci sharar da ta haɗu da batir da fenti da baƙin mai, saboda jikinta yana tara wasu ƙarafa masu guba. Kada ka kusanci bayan gida ko mushe. Masu sayen kifinka Musulmi ne da za su iya tayar da maganar jallala, dabbar da ke cin najasa. Hukuncin na malaman fiƙihu ne, ka tuntuɓe su, amma wanda ya tsaya kan dusa da ɓawo da ragowar kayan lambu na kasuwa ya sauƙaƙa wa kansa da su.

Akwai kuma saƙon da nake so ka kai wa ɗanka. Hermetia baƙuwa ce a nan, amma danginta suna da 'yan ƙasa. Zuriyar Odontomyia, wadda Johann Meigen ya kafa a 1803, tana da nau'o'i a Afirka, tsutsarsu a ruwa take zama, tana shaƙar iska ta ƙarshen wutsiya a tsakanin ciyayi. Fadamar Haɗeja da Nguru, wadda ta shiga jerin dausayoyin Ramsar a 2000, da bakin Komadugu Yobe a Gashua, da tafkin Dagona, irin wuraren da suke so ne. An san yankin a duniya saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, ƙananan halittun da ke ƙarƙashin kacala kuwa ba su sami irin wannan kulawa ba. Da yawa daga cikin samfuran ƙwarin Afirka da aka raɗa wa suna suna ajiye ne a Landan da Paris da Berlin, kuma yana damuna cewa ɗalibinmu sai ya nemi hoto daga can kafin ya tabbatar da abin da ya kama a bakin kogin garinsu. Jami'ar Tarayya ta Gashua, da aka kafa a 2013, tana dab da wannan arziki. Ya kama ƙudajen, ya soke su da allura a akwati mai murfi ko ya sa su a ƙaramar kwalba da sinadarin adanawa na ɗakin gwaji, ya rubuta wuri da kwanan wata da sunan wanda ya kama da fensir, ya kai wa malamansa na sashen nazarin halittu. Ya fara da guda biyar daga bayan gidanka, manya da tsutsa, domin su tabbatar maka da sunan kafin ka kashe kuɗi kan darurruka da gidan sauro.