Yadda ake juya kan ɗa a lokacin naƙuda

Yawancin 'ya'ya suna saukowa ƙeyarsu na wajen marar uwa, fuska na kallon bayanta. Wani kuwa sai ya zo a birkice, ƙeya ta tokare gadon baya. Naƙuda ta yi ta ja, mace na kukan ƙugu, yunƙuri ba ya kai ko'ina. Da yawa sukan juya da kansu. Wanda ya ƙi, shi ake kai wa hannu.

Ba a farawa sai bakin mahaifa ya gama buɗewa, santimita 10, faya ta fashe, an zubar da fitsari, an yi wa mace bayani ta yarda.

Gwaninta tana wajen gane kwanciyar kan. Yatsa ke bin tsagin ƙoƙon kai har ya iske maɗiga. Ta baya ƙarama ce, tsagi uku ke haɗuwa a kanta; ta gaba ta fi faɗi, tsagi huɗu. A littafi abin da sauƙi. Amma kan da ya daɗe a matse yakan kumbura, ƙasusuwa su hau juna, maɗigar ta ɓace. Nan tsofaffin ungozomomin asibiti ke burge ni: sai su zarce su lalubo kunne, domin bayan kunne ƙeya yake nunawa. Inda akwai na'urar sikanin, a tabbatar da ita. Wanda ya ɓata lissafi a nan, baya zai mayar da aikin.

Sauran sai natsuwa. Idan ciwo ya lafa, a shigar da hannu, na dama in ƙeya na hagun uwa, na hagu in tana damanta. A ɗan sunkuyar da kan, haɓa ta nufi ƙirji. Kada a tura shi sama da yawa, igiyar cibiya na iya zamowa ta riga shi, a wuce tiyata a guje. Da ciwo ya dawo aka ce "Yi nishi!", sai a murza ƙeya zuwa gaba a hankali, a riƙe har naƙuda ta kafa kan, ana sauraren bugun zuciyar ɗan.

Dabarar tsohuwa ce, likitocin Faransa Tarnier da Chantreuil sun bayyana ta tun ƙarni na 19. Yau matasan likitoci da yawa sun fi sabawa da wuƙa, kuma ina jin takaicin haka. Amma juya kan aikin asibiti ne, ba na ɗakin gida ba. In an gwada sau biyu kai ya ƙi, a haƙura a kira babban likita.