Kujerar da Mai Walda Ya Ƙara wa Marsandi

Da janwe aka kawo mini motar, kuma tun daga bakin ƙofar gareji na gane ta. Marsandi 380SL ce ƙirar 1982, ja, mai rufin tamfol da ake naɗewa. Kafin azumi ta taɓa shigowa wurina da ƙafarta. Mai ita wani Alhaji ne da na daɗe ina yi wa gyara a nan Kaduna, mutumin kirki, bai taɓa riƙe mini kuɗin aiki ba. A waya ya ga hotonta, wani dila ya shigo masa da ita daga Amurka ta Kwatano, sai da ya biya kuɗi kaf sannan ya tuna akwai bakanike. Haka yawancinku kuke yi, kuma abin yana ci mini rai.

Ranar da ya fara kawo ta, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Injiniya, ka duba mini ita, sannan ka sa a yi mini kujera a baya. Yara sun ƙwallafa rai a kanta, da ita nake so in riƙa kai su makaranta da gaishe da Hajiya a Zariya."

Na ɗora ta a rami. Bene ya ci tsatsa ta ɓangaren direba, an shafe da bodi-fila an fesa baƙin fenti a kai. Tiyon birki ya tsattsage. Sarkar taimin mai layi ɗaya ce, wadda duk wanda ya san 380SL na Amurka daga 1981 zuwa 1983 ya san halinta. Tayoyi huɗu zanensu raɗau kamar ba a taɓa hawa ba, amma lambar da ke gefensu 1411 ce, wato mako na 14 na shekarar 2011. Na nuna masa da yatsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, injin da birki zan gyara, taya kuma a canza duka yau. Amma kujera ba zan sa ba, ba kuma zan tura ka wurin wanda zai sa ba. Mutum biyu aka ƙera wa motar nan."

Ya yi dariya ya ce ai ga fili nan a bayan kujeru. Na gaya masa filin na jaka ne. Ko a Turai da kamfani ke saka 'yar ƙaramar kujera a wurin in mai saye ya nema, ba wurin zaman doguwar tafiya ba ne, ta Amurka kuwa ba ta zo da ita ba sam. Na gaya masa tankin mai yana nan daf da bayan wurin, a saman aksil. Ya ce zai yi shawara. Birki ya bari na gyara, taya ya ce a dakata tukuna tunda sababbi ne.

Shawarar da ya yi ita ce ya kai ta wurin wani mai walda, shi kuma ya haɗa kai da mai kushin. Suka lanƙwasa ƙarfen gado suka yi benci, suka lulluɓe da fata ja mai kyau, har da ɗinki irin na kujerun gaba. Bel kuwa suka ciro na wata tsohuwar bas, suka huda bene da dirila, suka ɗaure da noti da wasa guda. A cikin wannan benen da na ce ya ruɓe. Kowa ya gani ya yaba, har hoto aka yi ta ɗauka.

Ranar wata Asabar suka kama hanyar Zariya, shi da uwargida a gaba, yara uku a benci, rufi a buɗe. Tayar baya ta fashe. Motar ba ta ma kife ba, juyawa ta yi ta daki kwalbati da gefe. Alhaji da matarsa suka fito da ƙujewa, domin bel ɗinsu na kamfani ne, a inda kamfani ya ɗaure shi. Yara biyu suka bugu da bayan kujerun gaba, ɗaya ya karye a hannu. Ta ukun, yarinya 'yar shekara shida, motar ta yi jifa da ita waje. Ta karye a cinya da ƙugu, ta bugu a kai. Har yanzu tana kwance a asibiti, muna roƙon Allah ya tashi kafaɗunta.

Da na leƙa bayan motar na tarar da bel ɗin a kulle yadda uwar ta kulle mata shi. Bel bai tsinke ba. Notin ne ya tumɓuko tare da guntun bene mai faɗin tafin hannu. Na ajiye guntun a kan teburina, duk wanda ya zo da maganar ƙara kujera shi nake miƙa masa. Alhaji da ya zo ganin motar bai iya cewa komai ba, ni ma ban ce masa "ai na faɗa maka" ba, don abin da ke ransa ya ishe shi. Amma ku da abin bai same ku ba zan gaya muku.

Mota mai kujera biyu ta mutum biyu ce. Wurin da kamfani bai sa mazaunin bel ba, ba wurin zaman yaro ba ne. Tayar da ta tsufa ta mutu, ko zanenta bai taɓa ƙasa ba.

Mai walda bai san nauyin da jikin yaro ke yi ba in mota ta tsaya farat ɗaya tana cikin gudu. Bai san kamfani na ninka ƙarfe ya ƙarfafa wurin da notin bel ke shiga ba. Shi dai in ya ja da hannu bai motsa ba, aiki ya yi. Wallahi irin waɗannan masu "kawo a yi maka" sun fi tsohuwar motar haɗari. Ba ka san aiki ba, ka ce ba ka sani ba. Kuɗin benci nawa ne da za ka sa 'ya'yan mutane a kai?

Ba na ƙin motocin nan, kada a fahimce ni ba daidai ba. SL ɗin da aka yi daga 1971 zuwa 1989 mota ce mai ƙwari, har ginshiƙan gilashinta na gaba an ƙarfafa su saboda kifewa. Amma na gaba aka yi wa wannan tanadi. Sandar kariya da ke tasowa da kanta in mota za ta kife sai a SL ɗin 1989 ta fito. Rufin ƙarfen da ake ɗorawa a cire shi ma kada ya ruɗe ku, 'yan maƙalai ne ke riƙe da shi.

In mutum ya nace sai mai buɗaɗɗen sama kuma da iyali zai hau, to ya nemi wadda aka haifa da kujera huɗu. Marsandi bi-but tana da irin wannan, an yi ta a shekarun 1990 har zuwa 1997: kujerun baya na gaske, bel mai ratsa kafaɗa, ABS, da matashin kai na baya da ke harbowa sama in za ta kife. Ita ma sai rewaya ya bi wayarin ɗin injin, domin na shekarun nan rigar wayar marmashewa take yi, ga silindojin rufi da ke yoyon mai. Kuma huɗu huɗu ne. Ba biyar ba, ba a ɗora ƙarami a cinya ba. Mai 'ya'ya biyar ya ajiye ta a matsayin mota ta biyu, ya sayi ta iyali daban. Maƙalin kujerar jarirai na ISOFIX sai a 1997 ya fara fitowa a mota, don haka kada ku neme shi a waɗannan. Da bel za a ɗaure kujerar, in bel ɗin cinya kaɗai ne kuma wasu kujerun yara ba sa zama a kai.

Wani kuma zai ce Fijo 504 mai buɗaɗɗen sama zai saya, tunda a Kakuri aka taɓa harhaɗa 504, kayanta ko a Panteka an samu. Kayan injin da na ƙafa za ka iya dacewa da wasu. Amma jikinta aikin Pininfarina ne na Italiya, ta fi tamu gajarta, ba a taɓa yin ta a Kaduna ba. Ƙofa, fitila, gilashi, robar rufi, babu wanda zai shiga daga salun. Ka fasa fitila ɗaya ka ga yadda za ka yi watanni kana jira.

Sai rana. Wanda ya ƙera motar nan bai yi lissafin zafin Afrilu a Arewa ba. Babba na iya jurewa, yaro a baya babu inuwa, iska na dukansa, ba ya ma sanin ƙishirwa ta kama shi. Da hunturu ƙura, da damina ruwa na bin tsohuwar roba ya kwanta a ƙarƙashin kafet, daga nan tsatsar bene ke farawa. Esin yawancinsu na tsohon gas ne, R12, kada wani ya ɗura muku sabo a kai ba tare da ya canza abin da ya kamata ba. A cunkoso kuma jaka da waya a fili suke.

Na koma kan taya, domin ita ta jawo wannan duka. Motar da aka ajiye shekaru a garejin Bature tayarta ba ta cinyewa, bushewa take yi daga ciki. Ku sunkuya ku karanta lambobi huɗun nan da kanku, kada ku tambayi dila, kada ku tambayi falkanaizan da ke son sayar muku da ta gwanjo. In lamba uku kuka gani, kafin shekarar 2000 aka yi ta, ko zuwa gidan mai kada a hau. Safaya ma a duba, ita aka fi mantawa.

Motocin da ake kawowa daga Ingila a juya musu sitiyari zuwa hagu kuwa, ba na karɓarsu a garejina ko da canjin baƙin mai ne.