Duwu a Cikin Kwalba: Shin Kunama Abar Kiwo Ce?

A darasin wannan mako mun ɗauko wata halitta da kowane ɗan birnin Zazzau ya sani, kuma yake tsoro, wato kunama. Dalili shi ne, hotunan bidiyo suna yawo a wayoyi ana nuna mutane a Turai da Amurka suna kiwon wata ƙatuwar baƙar kunama a cikin ɗakunansu, har ana cewa ita ce ta fi sauƙi ga sabon shiga. Kafin wani daga cikinmu ya ɗauki kwalba ya nufi gindin ganuwa, ya kamata mu san gaskiyar lamarin.

Wace irin halitta ce?

Yawancinmu mukan sa kunama cikin jerin ƙwari. A ilimin halittu ba haka ba ne. Ƙwaro ƙafa shida gare shi, kunama kuwa takwas, don haka danginta su ne gizo-gizo da kaska. A gaba tana da hannuwa biyu masu kama da awartakin maƙera, da su take cafke abinci. A ƙarshen wutsiya kuma akwai ƙari, inda dafi yake. Masana sun ƙidaya nau'in kunamu sama da 2,000 a duniya, amma waɗanda dafinsu ke iya kashe mutum ba su kai 50 ba.

Kunama ba ta yin ƙwai. Haihuwa take yi, 'ya'yan su fito farare tas, su hau bayanta ta goya su har su yi saɓar farko. Masu cewa 'ya'yan kunama cinye uwarsu suke yi, wannan goyon suka gani suka yi masa wata fassara. Wani abin mamaki kuma, idan aka haska ta cikin duhu da irin fitilar nan da ake duba kuɗin jabu, sai jikinta ya yi ƙyalli kore-kore.

Duwun da Turawa ke saye

Babbar baƙar kunama ita Hausawa ke kira duwu. Wanda ya fi shahara a kasuwar duniya sunansa na kimiyya Pandinus imperator, Turawa kuma suna yi masa laƙabi da sarkin kunamu. Ɗan asalin Afirka ta Yamma ne, ana samunsa a dazuzzuka masu laima na Nijeriya da Binin da Togo da Gana da maƙwabtansu. Tsawonsa yakan kai santimita 20, yana iya rayuwa shekara 6 zuwa 8, kuma gara na cikin abincin da ya fi ci. Duk da girmansa da munin ganinsa, dafinsa bai da ƙarfi sosai. Akan kwatanta harbinsa da na ƙudan zuma, domin ya fi dogara da ƙarfin hannuwansa. Wannan ne ya sa ake tallata shi ga masu fara kiwo.

Sai dai kasuwar ta zame masa bala'i. An yi shekaru ana tono shi daga ramuka ana loda wa jirage, musamman daga Gana da Togo da Binin. Shi kuwa ba mai saurin yaɗuwa ba ne. Macen takan ɗauki ciki sama da wata bakwai, 'ya'yan ba su da yawa, kuma sai sun yi shekaru kafin su balaga. Saboda haka a shekarar 1995 aka sa shi cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido. Wannan yarjejeniya ce ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, an sa mata hannu a 1973, kuma Nijeriya tana cikinta. Ma'ana, ba a fitar da duwu daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izini.

Abin da kiwonsa ke bukata

Masu kiwonsa na gaskiya ba a kwalbar zuma suke jefa shi ba. Sukan tanadi akwatin gilashi mai murfi da ƙananan hujojin iska, su zuba ƙasa mai danshi da zurfin da zai iya haƙa rami, su sa ɓawon itace don ya ɓuya, da ɗan faranti na ruwa marar zurfi. Ɗumin wurin yakan tsaya tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyos. Abincinsa gyare ne da kyankyasai masu rai, sau ɗaya ko biyu a mako. Da rana a ɓoye yake, sai dare yake fitowa, kuma ba ya sabo da mutum kamar kyanwa ko tantabara.

To, mu auna wannan da yanayinmu. Idan hunturu ya kama a Zariya, iska takan bushe har leɓe ya tsage, dare kuma ya yi sanyi. Duwun da aka tsare a kwalba ba shi da ramin da zai shige ya sami laima, sai ya bushe ya mutu a banza. An cuci halittar Allah ke nan ba tare da an ƙaru da komai ba.

Inda haɗarin yake

Babbar matsala ita ce, kunamar da muke cin karo da ita a tsagar katangar ƙasa, da ƙarƙashin duwatsun Kufena, da cikin tarin itacen girki, galibi ba duwu ba ce. Ƙarama ce, ja-ja ko ruwan ƙasa, daga dangin da masana ke kira Buthidae, kuma kusan dukkan kunamu masu kisa a duniya daga wannan dangi suke. Ga alamar da masana ke amfani da ita: mai manyan hannuwa da siririyar wutsiya dafinta kan yi sauƙi, mai siraran hannuwa da kakkaurar wutsiya kuwa ita ce abar gudu. Alama ce kawai, ba lasisin kamawa ba. A yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, harbin kunama yana kashe mutane, yawancinsu yara.

Mu tuna yadda gidajenmu suke a cikin birni: ɗaki ɗaya mutum huɗu ko biyar, ana kwana kan tabarma, ga ƙanne masu rarrafe. Dafin da zai sa babba kwana yana kuka, yana iya halaka jariri, saboda ƙanƙantar jikinsa. Murfin kwalba kuwa sau ɗaya yake bukatar ya goce.

Wani zai ce ai gardawa suna wasa da kunama a bakin kasuwa, har su ɗora ta a fuska. Gaskiya ne. Amma sana'a ce da suka gada, suka shekara suna koyo, kuma an san wasu masu irin wannan wasa suna karya tsinin ƙarin kafin su fito. Ɗan kallo ba ya ganin abin da aka yi a bayan fage.

Idan kunama ta harbi wani

A kwantar masa da hankali, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a yi tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, kada a shafa kananzir. Idan yaro ƙarami ne, ko aka ga gumi mai yawa, amai, dalalar miyau ko wahalar numfashi, a garzaya asibiti nan take, ko Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Rigakafi kuwa ya fi magani: mu riƙa kakkaɓe takalmi da tabarma, mu toshe tsagar bango, mu riƙe tocila idan za mu fita da dare, musamman da damina.

Shawararmu

Sha'awar sanin halittu abu ne mai kyau, kuma ba mu son ta mutu a zukatanmu. Wanda kunama ta burge shi, ya nemi malamin ilimin halittu ya nuna masa zanenta da sassan jikinta, ya dage da karatu har ya kai Samaru ya nazarce ta a jami'a da kayan aiki. Amma kada a shigo da ita aji, kada a kai ta ɗakin kwana. A bar duwu a raminsa yana cin gara.

Tambayoyin mako

1. Me ya bambanta kunama da ƙwari?
2. Me ya sa aka sa duwu cikin jerin CITES a 1995?
3. Kawo abubuwa uku da ba a yi wa wanda kunama ta harba.

A jefa amsa cikin akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu lika sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta