Kwana biyu da mota a tsaunukan Akuapem

Mutanen Nima da Maamobi, in kuna son shan iska a ƙarshen mako, ba sai kun yi nisa ba. Ku tashi da an sallame Asuba, kafin cunkoson Madina da Adenta ya kankama. Tun jajibiri a kai motar wajen makaniki ya duba birki, domin hawan Ayi Mensah zuwa Peduase kwana-kwana ne, gangarowa kuwa ta fi hawan haɗari. A haɗa lasisi da takardar inshora wuri guda.

A Aburi, lambun itatuwan da aka buɗe a 1890 ya isa a yi hantsi. Amma ni a ganina zuciyar tafiyar tana Mampong, a gonar da Tetteh Quarshie ya shuka koko a 1879. A bar yara su fasa kwanson, su tsotsi farin naman da ke jikin ƙwayar. Masu tallar bammi a bakin hanya, a gaishe su a wuce.

Ku kwana a Koforidua, zangonta akwai masallaci da abincin halal. Washegari in za ku je kallon ruwan Boti mai zubowa daga kan dutse, ku sani sai da damina yake cika. Ku juyo gida kafin magariba.