Inda Allura Ta Bi, Nan Ruwa Ke Bi

A Nima da Maamobi, unguwannin zango na Ankara, babban birnin Ghana, ba a rabuwa da rumfa. Ranar suna a kafa ta a bakin titi, ranar ɗaurin aure a kafa ta, ranar addu'ar mamaci ma haka, domin gidajen zango ba su da filin da zai ɗauki jama'a. A kasuwar Nima, masu shinkafa da wake suna rufe buhunansu da tamfol. Manyan motocin da ke kawo albasa daga Nijar da tamfol suke lulluɓe kaya. Haka masu kwalekwale a Jamestown, da masu jiragen fito a Yeji bakin Tafkin Bolta, duk suna neman abin da zai kare kayansu daga ruwa.

Ankara kuwa damina biyu gare ta. Babbar tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni. Ƙaramar tana zuwa wajen Satumba da Oktoba. Mai tamfol mai yoyo sau biyu ke nan yake kuka a shekara.

Wata Hajiya mai ba da hayar rumfa ta kai tata wurin wani tela dattijo, ranta a ɓace. Ta ce, "Baba, an cuce ni. Sabuwa ce fil, amma jiya ta jiƙa mini baƙi a wurin suna."

Dattijon bai ce komai ba. Ya sa yaronsa ya kama gefe ɗaya, suka ɗaga tamfol ɗin sama ta fuskar rana. Ya ce, "Hajiya, shigo ƙarƙashi ki duba." Ta duba. Jikin yadin duhu ne, ba inda haske ya ratso. Amma a kan layin ɗinki sai ga ƙananan ɗigon haske sun jeru tun daga wannan gefe har wancan.

Ya ce, "Yadinki lafiya lau. Allura ce ta huda shi."

Mu yi lissafi. Ko da tela ya sa ɗinki 2 kacal a kowace santimita, layi mai tsawon mita 6 yana da huji 1,200. Layi biyu, huji 2,400. Kowane huji ƙofa ce. Shi ya sa mai ɗinkin tamfol ba ya matse ɗinki kamar mai ɗinkin riga. Yana buɗe shi, kamar rabin santimita tsakanin huji da huji. Kuma yana zaɓen allura mafi siranta da za ta iya ɗaukar zaren, don zaren ya cika hujin. Allura mai kauri da siririn zare, wannan hanya ce aka share wa ruwa.

Zaren ma abin dubawa ne. Na auduga yana kumbura idan ya jiƙa, ya toshe hujinsa da kansa, amma yana saurin ruɓewa. Na nailan yana da ƙarfi, sai dai rana tana cinye shi. Na foliyesta ya fi jure rana. Akwai wanda cikinsa foliyesta ne, bayansa auduga. In an same shi, ya haɗa amfani biyu.

Sai yadda ake haɗa ƙyalle biyu. Dubi rufin kwano: na sama ne ke hawa kan na ƙasa, ruwa ya gangara ya wuce. Haka ake yi wa tamfol. A ɗora bakin na sama a kan na ƙasa, a kalmashe su cikin juna, a bi da layi biyu. In aka juya, bakin ɗinkin ya kalli sama, to an yi wa ruwa aljihu.

Hajiya ta ce, "To wanda aka riga aka ɗinka fa, Baba? In jefar?"

Ya ce, "A'a. Amma sai mun san irin yadin tukuna, don maganin wani gubar wani ne."

Ga yadda ake ganewa. A zaro ɗan zare daga bakin yadin, a tafi da shi nesa da tamfol ɗin, a kusantar da shi ga ashana. In ya ci wuta ya zama toka, yana warin takarda, auduga ce. In ya narke ya dunƙule, roba ce.

Tamfol na auduga kakin zuma yake so. A wanke layin ɗinki da buroshi, a bar shi ya bushe sarai. A goga kakin a kan ɗinkin da ƙarfi, ciki da waje. Sannan a shimfiɗa takarda a kai, a bi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, har kakin ya narke ya shige hujin. Kyandir kaɗai bai kai kakin zuma ba, domin yana tsagewa idan an naɗe tamfol. Zafin Ankara yana rage kaki, don haka a maimaita kafin kowace babbar damina. Watan Maris ya dace.

A nan akwai gargaɗi. Wasu suna narka kyandir cikin fetur ko kananzir su shafe tamfol gaba ɗaya. Ruwa ba zai shiga ba, gaskiya ne, amma an mai da rumfar makamashi. A shekarar 1944, a garin Hartford na Amurka, wani babban tantin wasa da aka shafe da kaki da fetur ya kama wuta, mutum fiye da 160 suka rasu. Ka tuna yadda rumfar bikinmu take: ga masu girki da gawayi a gefe, ga wayoyin lantarki a sama, ga yara da tsofaffi a ciki, lungun fita kuma ƙunci.

Tamfol mai nauyi mai sheƙi, irin na manyan motoci, kaki ba ya zama a jikinsa. Shi gam ɗin da aka yi don irin robarsa yake so; a tambayi mai shago gam na PVC. A yanko siririn ƙyalle daga irin yadin, faɗinsa kamar santimita 5. A goge wurin ya fita daga ƙura da maiƙo. A shafa gam a jikin ƙyallen da kan ɗinkin, a ɗan jira har ya fara danƙo, a manna, a murza da kwalba don iska ta fita. A bar shi kwana guda. A yi wannan aiki a fili, nesa da wuta, don warin gam yana hawa kai. In faci za a yi, a zagaye kusurwoyinsa da almakashi. Kusurwa mai tsini ita ke fara ɓanɓarowa.

Shi kuwa shuɗin nan mara nauyi mai kama da buhu, gam ba ya kama shi sosai. Sai dai tef mai ƙarfi da aka yi dominsa. A ganina kada a kashe masa kuɗi da yawa, rana ba ta barinsa ya daɗe.

Da suka gama, dattijon ya sa aka kafa rumfar a ƙofar shago, yaron ya hau benci ya kwarara bokiti biyu a kan ɗinkin. Hajiya tana ƙasa tana kallo. Wuri ɗaya ya ɗiga, wajen tsakiya, inda yadin ya yi ciki ruwa ya taru. Dattijon ya sa alli ya zagaye wurin.

Ya ce, "Wannan ba laifin ɗinki ba ne kaɗai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In lita 20 ta kwanta a nan, nauyin zai ja zaren ya buɗe hujin. Ki ce wa yaranki su ja igiya ta miƙe, su ɗaga tsakiya, ruwa ya sami gangara. Kuma in an tashi daga biki, kada su naɗe ta a jiƙe su jefa a ɗaki. Fumfuna za ta kama ta, zaren ya ruɓe."

Ta ce, "In dare ya yi fa, ga ruwa bai ɗauke ba?"

Ya ce, "Su naɗe sako-sako, gari na wayewa su baza ta a rana."